Gindin Bindigar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar kasuwar da na ja wa surukina zuwa gaban jandarma, alhali ba wanda ya aike ni.

Ni kafinta ne a Dakoro, kuma Allah ya yi ni da yawan fargaba. In na hango ɗan sanda, sai in fara tuno laifin da ban yi ba. (Matata Hadiza ta ce ko tsawa aka yi, sai na ce da ni ake.) Lakwal ma, wato makarantar boko, a aji shida na tsaya, don haka duk abin da aka ce mini doka ce, kafin a rufe baki na gaskata.

Baban Hadiza tsohon maharbi ne a Korahane. Yana da doguwar bindiga ta gado wadda yake ratayawa in zai zaga rumbunansa, kuma saboda ita ba ɓarawon da ya taɓa kusantar hatsinsa. Sai gara ta cinye gindinta, wato iccen da ake kafawa a kafaɗa. Ya aiko mini da tsohon iccen ta hannun Hadiza, ya ce in sassaƙa sabo, in yi masa mariƙi daga ƙasa domin wuyan hannunsa yana ciwo. Ƙarfen yana wajensa, zai zo da shi ranar kasuwa a haɗa.

Na samo ƙirya mai kyau, na sassaƙa, na goge, na shafa mai. Don jin daɗin aikin har na kai shi fadarmu ta shayi a gani. Sanusi mai gyaran babur ya juya shi ya ce, "Kai kafinta, ka san abin da ka yi kuwa? Irin wannan mariƙin na bindigar soja ne. Ta farauta ba ta da shi. Da ka sa mata, ta zama ta yaƙi ke nan. A wannan zamanin!" Ya kurɓi shayinsa ya koma hirar ƙwallo. Ni kuwa tun daga nan abinci ya daina shiga.

Abin da ya kamata shi ne in jira tsoho in tambaye shi. To amma wa yake tsare surukinsa da tambaya? Ni da ko ruwa ba na iya sha a gabansa. Sai na ga tambayar gwamnati ta fi sauƙi.

Da safiyar kasuwa na naɗe iccen a buhu na nufi barikin jandarma. Na tarar da kumanda a zaune ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Na durƙusa na kwance buhun.

"Ranka ya daɗe, tambaya na kawo. Wannan a doka halal ne ko haram?"

Ya ɗaga, ya duba. "Wannan ai icce ne."

"Gindin bindiga ne, ranka ya daɗe."

"To ina sauranta?"

"Tana wajen mai ita."

"Wane ne mai ita?"

Tun da na auri Hadiza ban taɓa kama sunan tsohon nan ba. Na ce, "Baban su Hadiza ne."

"Wace Hadiza? Sunansa nake tambaya."

"Ranka ya daɗe, ba na iya faɗa."

Fuskar kumanda ta canza, ya gyara zama. Allah ya sa wani jandarma da ke gefe ya gane, ya ce, "Shef, surukinsa ne fa." Kumanda ya yi murmushi ya ce to in kwatanta shi. Ni kuwa (Allah ya yafe mini) na kwatanta tsaf: dogo, jan rawani, yana sauka wajen masu kanwa. Aka tura ɗan kabu-kabu.

Tsoho ya iso da nasa buhun a hammata, mutanen Korahane da suka ga an ɗauko shi suna biye. Bai dube ni ba. Kumanda ya miƙe ya ba shi kujera, ya ce, "Baba, siffar icce ba ta dame ni ba. In bindiga tana aiki, izini nake tambaya. A nuna mini ita."

Tsoho ya daɗe yana kallon buhun kafin ya zaro ƙarfen. Duk tsatsa, kunamar da ake ja a harba ma babu. Kumanda ya buga bakin a ƙasa, sai busasshiyar laka ta zubo. Zanzaro ne ya yi gida a ciki.

"Baba, yaushe rabon da ta tashi?"

"Tun kafin a haifi matar wannan," in ji tsoho, ya nuna ni da haɓa.

Wani daga cikin mutanen garinsu ya tafa hannu ya ce, "Ashe duk shekarun nan gidan zanzaro muke tsoro!" Aka fashe da dariya, har jandarmomi. Ni dai ƙasa nake kallo, ina roƙon ta tsage.

A bakin ƙofa tsoho ya tsaya, ya karɓi iccen, ya gwada mariƙin a hannunsa. Wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini.

"Kafinta, aiki ya yi kyau, ya zauna a hannu. Amma tunda ka sallami mai gadin rumbuna, sai ka yi musu ƙofofi. Masu kwaɗo."

Na yi ƙofofin, na kai har Korahane na kafa. Tun daga ranar, duk tambayar da ta taso mini, Hadiza nake fara kai wa kafin gwamnati. Da na gama kafawa ma sai da na raɗa mata ko sa wa rumbu kwaɗo yana buƙatar izini. Ta ce in kuskura in je in tambaya in gani.