Rijiyoyin Kakan Malam Labo

Allah ya yi wa Maska baiwa biyu, auduga da Malam Labo. Audugar ma sai damina ta yi kyau, shi kuwa rani da damina yana bayarwa. Shekara arba'in bayan jihadi, babu wanda ya san tarihin ƙasar Maska da tsohon birninta kamarsa. Shi da bakinsa ya tabbatar da haka. Ana kiransa Kundin Maska, yana amsawa da ƙarfi, don bai taɓa waiwayawa ya ga fuskar masu kiran ba.

Ka yi masa sannu da gajiya, sai ya lissafa maka ƙofofin ganuwa. Jiya bakwai ne, yau goma sha biyu. Birnin dai sai ƙara girma yake yi tun da ya zama kufai. A kowace ƙofa kuma akwai kakansa Manu bisa ingarma. Abu ɗaya ya tsana a duniya, marina. In ya hango marini da baƙin hannu, sai ya tattare farar rigarsa ya sake hanya, wai warin baba yana ɓata asali.

A cikin kufan nan akwai gonar wata tsohuwa, Inno. Marigayi mijinta ne ya share wurin, da dawar gonar take ci. Shekarar da dawar ta yi kyau ƙwarai, tarihi ya faɗo wa Malam Labo a rai, ya kai ƙara gaban alƙali.

"Allah ya gafarta Malam, wurin nan fadar kakana ce," in ji shi. "Ramukan nan shida da ke gefen gonar rijiyoyi ne na shayar da dawakinsa. A tono a gani."

Aka ɗunguma gona, an kuwa yi ruwa da safe. Don kada jahilai su taɓa tarihi, Malam Labo da kansa ya karɓi fartanya ya shiga rami. Bai yi nisa ba ya tarar da gindin ramin. Ramin ko tsayin mutum biyu bai kai ba, bangonsa a shafe sumul, taɓon ciki shuɗi. Marinan da suka zo kallo suka dubi juna, suka sunkuyar da kai.

Alƙali ya tambayi Inno. Ta san gaskiyar na iya raba ta da gonar, hankalinta ya tashi, amma ta faɗa.

"Marinar Manu ce, Malam. Shi ya rina mini zanen aurena. Mutumin kirki, hannunsa baƙi ƙirin har gwiwar hannu."

Alƙali ya ce, "To, Malam Labo, in kai jikan Manu marini ne, wuri naka ne. Faɗi haka gaban jama'a."

Kundin Maska ya dubi dawa, zangarniya sai rinjaya take yi. Ya dubi marina. Sai ya ce:

"Manun da ya haifi ubana bai taɓa tsoma hannu a baba ba."

"Ashe ba magaji," in ji alƙali. "Inno, koma ki ci gaba da nomanki."

Malam Labo ya fito daga rami da asalinsa cif, bai rasa kome ba sai gona. Rigar kuwa sau uku aka wanke ta, shuɗin ya ƙi fita. Shi ya ƙi kakansa gaban jama'a, amma kakan bai riƙe shi a zuci ba, ya rina masa riga kyauta.