Rasuwar Madam Azati, Kwamfutar Malam Komla

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda kunya ta ƙara wa nauyi, Malam Komla Agbeko, mutumin ƙasar Togo, malamin Faransanci a nan Ƙaura Namoda, yake sanar da abokan aiki, ɗalibai da maƙwabta rasuwar abokiyar zamansa, kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da Madam Azati. Ta cika ranar Alhamis ɗin makon jiya bayan la'asar, a ɗakinsa na haya da ke gidan Inna Nagoggo, bayan tashar jirgin ƙasa.

Marigayiyar baƙuwa ce kamar mai ita. Tare suka shigo ƙasar nan a mota ɗaya, tana kan cinyarsa tun daga garin Kpalime. Haruffanta jerin Faransawa ne, inda kowa ya saba ganin Q ita A gare ta, shi ya sa duk malamin da ya are ta don ya buga jarrabawa sai ya mayar da ita yana tsaki. Ɗalibai ne suka karanta layin farko na haruffan suka raɗa mata Azati. Ko wutar garin nan ba ta taɓa ci cikin sauƙi ba, domin cajarta mai ƙafa biyu ce zagayayyu, soket ɗinmu kuwa mai baki uku. Kullum sai an zura tsinken tsire a ramin sama kafin ta samu shiga. Ba ta taɓa ƙorafi ba.

Mai makarantar da Malam Komla yake koyarwa yana da rassa a Zurmi da Shinkafi, malamin Faransanci kuwa shi kaɗai ne. Saboda haka marigayiyar ta san hanyoyin nan fiye da yawancin 'yan gari. Ta sha tafiya a bayan mashin, naɗe cikin tawul a ƙasan buhun masara don kada ta ja ido, a ranakun da direba ba ya magana sai an ga gari. Da muryarta yaran Shinkafi suka fara jin yadda Bafaranshe yake gaisuwa. A watannin da aka rufe layukan waya a jihar nan, lokacin da mai ita ba ya iya jin kowa nasa, ita ce take maimaita masa bidiyon 'yarsa tana koyon tafiya, ba ta taɓa cewa ya gani jiya ba.

Duk wanda ya zauna da ita zai tuna kalamanta. Idan an tashe ta takan ce "tilin-lin" cikin ladabi. Idan aiki ya yi mata yawa fankarta takan ja dogon numfashi, "fuuuu". A shekarun tsufa ta ƙara da wani ɗan tari, "ƙir, ƙir", wanda Malam ya ji sarai ya yi kamar bai ji ba.

Ta daɗe tana jinya. Batirinta ya kumbura, harafin E ya faɗi aka maƙala shi da gam, in aka ɗauke wuta ita ma sai ta suma. Nafi'u mai gyara, na bakin kasuwar hatsi, ya duba ta tun kafin damina, ya ce a kwashe abin da ke cikinta a ajiye wani wuri, a kuma riƙa lallaɓa ta. Malam ya ce sai an yi hutu. An yi hutu, an koma.

Dangane da musabbabin rasuwa, an ji a unguwa cewa janaretan Auwalu ne, wanda yake ba gidajen layin wuta da yamma, ya turo wuta mai ƙarfi ta ƙone ta. Mai makoki ya nemi a rubuta a nan cewa ba haka aka yi ba.

A ranar ya dawo daga Zurmi a gajiye, ga makin ɗalibai na rassa uku da za a ɗora a shafin makaranta kafin a rufe shi. Ya zauna bakin taga, inda sabis yake ɗan leƙowa. Sai ya cika aji guda ya danna aikawa, sabis ya ɗauke, komai ya goge, ya koma farko. Ya ɗaga ta sama, ya fita tsakar gida, ya hau turmi, ya dawo. A karo na ƙarshe layin aikawa ya kusa cika, sai Madam ta sandare. Ya kira ta da Faransanci, ya roƙe ta da yarensu, ya zage ta da Hausa. Daga nan ya ɗaga tafin hannu ya sauke mata a ƙirji, gefen dama, da dukan ƙarfinsa.

Ta ce "ƙas, ƙas, ƙas." Fuskarta ta yi shuɗi, ta yi baƙi. Ba ta ƙara cewa komai ba.

Inna Nagoggo ta leƙo ta same shi a tsaye a kanta. Ta dubi ƙwan fitila yana lumshewa kamar yadda ya saba, ta ce ai dama ta faɗa, injin Auwalu sai ya yi wa wani ɓarna. Malam ya ji ta sarai. Bai yi ƙarya ba, amma ya bar maganar ta fita ƙofar gida a kan ƙafafunta. Kafin Asabar gidaje biyu sun cire wayar wutarsu daga injin, mai aski ya bi su, matar da take sayar da ƙanƙara ta ce a dakata mata. Malam yana jin duk wannan daga ɗakinsa. Ya daina bi ta gaban rumfar Auwalu, yana zagayawa ta bayan masallaci. Tuwon da Inna take aiko masa yakan koma da rabi.

Ranar Litinin Auwalu ya yi sallama. Ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce shi bai san yadda aka yi ba, amma tunda a wutarsa abin ya faru yana neman gafara. Ya ce ya san duk Lahadi da marigayiyar Malam yake ganin iyalinsa. Sai ya zaro babbar wayarsa ta hannu ya ajiye a kan tabarma.

"Malam, ka riƙa amsar wagga duk Lahadi, ka ga ɗiyarka. Ba ni da abin da ya fi haka."

Malam Komla ya daɗe yana kallon wayar. Hausarsa, wadda dama ba ta gama tsayawa ba, ta watse gaba ɗaya. Ya ɗaga hannun damansa ya nuna musu shi.

"Auwalu, ba inji ba. Ni ne. Na buga ta."

Auwalu ya sunkuyar da kai. Inna Nagoggo, wadda take tsaye da tsintsiya, ta ce ashe ita ta ɗauki alhakin bawan Allah ta raba gida gida, kuma wanda ya san gaskiya yana kallonta. Ta ce ta yi haƙuri da dukan, kowa zuciya takan ɗebe shi, amma shirun nan sai ya biya shi da bakinsa. Da Auwalu ya tashi tafiya, ya sa takalminsa, ya bar wayar a inda take.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja ɗaya, linzamin kwamfuta mai ciwon wuya, da tsinken tsire da ya yi mata hidima har ƙarshe. Ta tafi da makin Zurmi, da hotunan shekaru masu yawa waɗanda babu su a ko'ina. Ta bar Madam Afi, matar Malam, wadda ta sayar da keken ɗinkinta ta saya masa ita da zai taho, da ƙaramar 'yarsu mai suna Yawa, wadda ta fi sanin fuskar ubanta ta cikin gilashi.

Za a kai gawar shagon Nafi'u ranar Juma'a bayan an sauko, inda zai cire abin da zai amfani wasu marasa lafiya. Sauran za a naɗe shi a tawul ɗinta na tafiya, a sa a kwalin taliya, a ajiye ƙarƙashin gado har hutun ƙarshen shekara, lokacin da za a mayar da ita ƙasarta.

Zaman makoki, bisa umarnin Inna Nagoggo, a rumfar Auwalu za a yi shi ranar Asabar, daga hantsi zuwa la'asar. Malam zai zauna a benci ya gaya wa duk wanda ya zo yadda aka yi. Ana roƙon waɗanda suka cire wayarsu daga injin su taho da ita.

Ranar Lahadi babu karɓar gaisuwa. A ranar zai kira Kpalime da wayar aro, domin Madam Afi har yanzu ta ɗauka sabis ne ya hana a gan shi. Malam Komla yana jin yare uku, kuma har zuwa rubuta wannan sanarwa bai samu wanda zai fara gaya mata gaskiya da shi ba.