Ranar da Tunkiya Ta Kayar da Ni a Lissafi

Ba zan taɓa mantawa da shekarata ta farko a koyarwa ba, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. An tura ni wani ƙauye kusa da Gazawa, ina saurayi mai ji da kansa. Lakol ɗinmu, wato makarantar, rumfar zana ce, yaran kuwa kowa da irin kansa: wani sai da waƙa yake ganewa, wani sai ka zube masa gujiya a ƙasa ya ƙirga. Sai na raba su rukuni-rukuni, kowa da hanyar da ta dace da shi. (Dabarar ba ta da laifi, mai dabarar ne dai.)

Akwai Jumma, 'yar Fulani daga rugar bayan gari. Ba ta magana, Hausarta ma ba ta nuna ba. Na yanke hukunci cewa kanta da nauyi, na ajiye ta a rukunin baya.

Ranar da mai duba makarantu ya zo daga Maradi, na ce bari in burge shi. Na kwashi yara muka nufi rijiya, inda ake shayar da tumaki. Na buɗe murya ina ƙirga su da Faransanci, yara suna amsawa.

"Ashirin da huɗu!" na ce, ina satar kallon baƙo.

Sai wata 'yar murya daga baya: "Mushe, ashirin da biyu ne." (Mushe suke ce wa malami, da Faransanci.)

"Jumma, yi shiru ki koya."

"Tumakin babana ne, mushe. Mai baƙin kunnen nan tana ta zagaya bayanka, sau uku ka ƙirga ta."

Baƙo ya ƙirga da kansa. Ashirin da biyu cif. Ya ce mata, in biyar suka bi wani garke fa? Bai rufe baki ba ta ce sha bakwai. Ya juyo: "Wannan a wane rukuni take?"

Na ja da baya ina laluben amsa, ashe kwamin shan ruwan dabbobi yana bayana. Sai ji na yi tsundum! (Tumakin ma sai da suka ɗago kai.) Matan rijiya suka saki guga don dariya.

Baƙon ya ciro ni yana share hawayen dariya. "Tsarinka ya yi, malam. Ka sake rabo dai, kai ma ka nemi rukuninka."

Washegari Jumma ce ta ja mana ƙirga, da Fulatanci, da Hausa, da Faransanci, ni ma ina amsawa.

Tun ranar na san shirun yaro ba rashin sani ba ne. Kuma in makiyayi ya gyara maka lissafin dabbarsa, ka ce to, ka duba abin da ke bayanka.