Kukan da kuloci ya yi mini a hanyar Roni

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Yayana ya fara ba ni mukullin motarsa ni kaɗai ba. Yanzu ma da nake rubutun nan ina dariya ina jin kunya.

Wata uku yana koya mini tuƙi a Kazaure, kullum maganarsa ɗaya: "Cire ƙafarki daga kan kuloci, za ki ƙona mini shi!" Ran nan ya aike ni Roni in kai wa Kaka magani. "Kika lalata motar nan, ke da sitiyari sai a mafarki."

Lafiya lau na je. Kaka ta cika ni da fura, tana ta kai-kawo wajen motar ni kuma ina sallah. Na yi sallama na kamo hanya.

Ina taka kuloci zan sa giya ta biyu sai na ji "ƙwiiik!" Na saki, shiru. Na sake takawa, "ƙwiiik!" Innalillahi. (Ni gajera ce, sai na danna bayana a kujera sosai kafin ƙafata ta kai ƙasa, kujerar kuma ba ta kamawa da kyau, tana ɗan ja da baya.) Gumi ya jiƙa mini hijabi. Na lallaɓa da giya ɗaya har garejin wani dattijon bakanike a bakin hanya, sannan na kira Yaya ina kuka.

"Yaya, ka yafe mini, na ƙona kuloci. Gaskiya ina ɗora ƙafa a kai in ba ka gani. Kuma ranar da ka tafi Babura a motar haya, na saci mukulli na zaga unguwa sau biyu."

Ya ce, "Ba wa bakaniken waya in ya gama."

Dattijon ya tambaye ni, "'Yata, in kin taka take kukan, ko in kin saki?"

"In na taka, Baba."

"To, in takawa ce, barin ɗin kuloci ne, wani ɗan ƙarfe mai juyawa a ciki, sai an canza shi. In sakewa ce, sai mu duba giya."

Ya shiga ya taka sau biyar, babu ko ƙis. Na shiga na taka, "ƙwiiik!" 'Yan acaɓan da ke hutawa a inuwa suka fara matsowa. Wani ya ce, "Baba, motar ta san mai ita!"

Dattijon ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashin kujerata, ya daɗe a haka. Da ya ɗago, jan zakara ne a hannunsa, ƙafafu a ɗaure, yana hararar kowa. Tsarabar Kaka ce. Ta san in ta miƙo zan ce a bari, shi ya sa ta cusa shi a ɓoye. Duk takawar da na yi, matse bawan Allah nake.

"Ga barin ɗinki, Hajiya," in ji dattijon. "Wannan ba a canza shi, soya shi ake."

Wani ɗan acaɓa har da zama a ƙasa don dariya.

Yaya bai karɓe mukulli ba, ya ce kulocinsa lafiya, zancen zaga unguwa kuma za mu yi shi bayan an ci nama. Yanzu in zan baro gidan Kaka sai na leƙa ƙarƙashin kowace kujera. Kuma ba na sake tona wa kaina asiri kafin bakanike ya gama dubawa.