Ranar da Na Sa Alhaji Ƙirga Goma

Ba zan taɓa mantawa da Larabar nan ta farkon damina ba, ko da mutanen Funtua sun yi mini alfarma sun manta (ba za su yi ba, na san halinsu).

Ni ke kula da intanet ɗin wata ƙungiyar manoman masara. Sabarmu, wato babbar kwamfutar da komai ke bi ta cikinta, tana Maska, a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin ƙarfen eriya, makullin kuma na hannun maigadi, Baba Sale. Maimakon in sayi rauta, na'urar da ke rarraba intanet, kamar kowa, sai na nuna ni ɗan boko ne: na ƙirƙiri kwamfuta a cikin kwamfuta, na zuba manhajar rauta a ciki. Tana aiki, sai dai katin netwok ɗinta, wato ƙofar da intanet ke bi ya shiga, na bogi ne, shi ya sa take tafiyar hawainiya. Maganin shi ne a ɗauki katin gaske na sabar a damƙa wa rautar kai tsaye. Na kalli bidiyo biyu a kan haka (ɗayan ban ƙarasa ba), na ji na ƙware.

Ranar ce ta ƙarshe ta rajistar taki, da La'asar za a rufe shafin. Wanda sunansa bai shiga ba, bana sai dai ya kalli masarar maƙwabci tana kore shar. Manoma sun yi layi har bakin titi, wasu tun daga Ƙarfi, sakatariyarmu Hajiya Rabi na fama da shafin da ke juyi kafin ya buɗe.

Shugaban ƙungiya, Alhaji Mamman, ya leƙo. "Injiniya, abin naka yau ma barci yake?"

"Ranka ya daɗe, yanzu zan tashe shi. Ƙirga goma kawai."

Hajiya Rabi ta ce, "Malam, ka bari mu gama mana. Ko a hankali ne ai muna tafiya." Na yi mata irin murmushin da ake wa wanda bai san kimiyya ba.

Daga ofishinmu na Funtua na shiga sabar. Katuna biyu gare ta. Ɗaya na zaune ba aikin fari balle na baƙi, ɗayan kuwa ta nan ni kaina nake shiga in ba ta umarni. Ku canki wanda na zaɓa. Alhaji na ƙirgawa da ƙarfi, manoma na taya shi, yana bakwai na danna. Intanet ya ɗauke ɗif. Rautar ta karɓi katin da ba a saita mata ba, sabar ta rasa nata, ni kuma na kulle kaina a waje da hannuna.

Na sake daddanna kibod, ba abin da ya motsa. Na ce, "Numfasawa yake yi." Ba wanda ya yi dariya, wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Haka na haye acaɓa zuwa Maska cikin farar shaddata, rungume da allon kwamfuta da kibod, ga ruwan da aka tafka da asuba ya jagwalgwala hanya. Na iske ɗakin a kulle, Baba Sale ya tafi shuka. Sai da na keta gonaki uku na same shi, makullin na ɗaure a zariyar wandonsa.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ɗan nan, ba kai ka ce daga Funtua kake juya ta ba, ba sai ka zo ba?"

Gyaran bai ci minti biyu ba. Na mayar wa sabar katinta, na ba rautar wancan na zaman banza, nan take ta kama gudu irin wanda na yi alkawari. Amma ina kan hanyar komawa aka kira La'asar. Wallahi na ji tsoro, takin mutane kawai nake gani.

Na iso taɓo har gwiwa, na tarar Hajiya Rabi ta haɗa kwamfutar ofis da intanet ɗin wayarta, ta shigar da kowa ɗaya bayan ɗaya. Manoman duk sun gama, amma ba wanda ya tafi. Ni suke jira.

Alhaji ya gyara zaman hularsa. "Injiniya, ina kan tara tun hantsi. In ƙarasa?"

Har yau Injiniya Goma ake kirana, a kasuwa da masallaci. Tun daga ranar ba na taɓa katin netwok sai ina zaune kusa da sabar, makulli a aljihuna. In kuma aka tambaye ni yaushe aiki zai kammala, amsata ɗaya ce: in Allah Ya yarda.