Rasuwar Akwatin Wayoyin Jirgin Kyaftin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haƙora a cije, Kyaftin na bakin ruwa yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar akwatin mahaɗar wayoyin ƙaramin jirginsa, wanda ya cika wata Talata da hantsi, sati uku da suka wuce, yana da shekara talatin da huɗu a duniya.

Marigayin baƙi ne, bai fi tafin hannu biyu ba, yana da murfi mai noti huɗu. Tun zamanin mahaifin Kyaftin yake zaune a ƙarƙashin kujerar matuƙi, yana raba wuta tsakanin fitilu da hon da famfon kwashe ruwa, bai taɓa fifita wani ba. Ya sha feshi, ya sha rana, batir goma sha ɗaya suka zo suka tafi a gabansa. Ba mai surutu ba ne. Iyakar maganarsa "ƙyas" idan an rufe murfinsa, sai ɗan "zzz" ranar da aka yi ruwan sama.

Wata goma sha huɗu Kyaftin ya yi yana farfaɗo da jirgin. Ya cire ruɓaɓɓen katako, ya toshe ɓaraka, ya shafa fenti har sau uku, domin ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin zagayawa da ita a jirgin mijinta kafin idanunta su gama dushewa. Abin da ya rage noti ɗaya ne na murfin marigayin da tsatsa ta riƙe.

Ana haka ajali ya iso da sukundireba a aljihu. Mijin ƙanwar Kyaftin ne, mai gyaran fanka, wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya.

"Yaya, matsa ka gani," in ji shi. "Aikin minti biyu ne."

"Bar shi, na ɗiga masa mai, zai saki da kansa."

"Haba Yaya! Ni da wuta muke kwana muke tashi."

Kyaftin ya tafi ɗauko tsumma. Tun daga rumfa ya jiyo ƙarar guduma. Kafin ya rugo, murfin ya rabe biyu, an tsinke wayoyi tara an sake ƙulla su yadda Injiniya ya ga ya dace, har an maƙala kan batir. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce "fat!" Wanda ya yi aika-aikar ya kore hayaƙi da hannu, ya ce, "Dama ya tsufa."

Ya rasu ya bar wayoyi tara marayu, babu wadda ta san inda za ta nufa, da famfo gwauro, da hon wanda bai sake cewa uffan ba. Fis uku sun bi shi nan take.

Sati uku Kyaftin ya yi yana yawo da gawar a jaka yana neman irinsa. Mai shagon farko ya ce an daina ƙera su tun yana makaranta. Na biyu ya miƙo akwatin bangon ɗaki wanda feshi ɗaya zai cika shi da ruwa. Na uku, Allah ya shirye shi, robar ajiye abinci ya kawo da salatif. Kullum ya dawo gida, tsohuwa takan juyo da fuskarta wajen ƙofa ta ce, "Yaushe za mu shiga ruwan?" Shi kuwa ya ce, "Kwanan nan, Inna."

Ƙanwarsa ta zo ban haƙuri. "Yaya, kuskure ne. Ya ce duk abin da ka yanke zai yi."

"Duk abin da na yanke?"

"Duk."

Kyaftin ya yi wani murmushi da ya sa ta fasa zama. A safiyar ranar wani tsohon mai walda ya tsegunta masa cewa akwai ɗan'uwan jirginsa kife a taɓon tsallake, akwatinsa lafiya ƙalau. Mai shi ya ce wanda zai iya isa wurin ya ɗauka. Taɓon yana kai wa ƙugu, kuma matsattsakun wurin sun daɗe ba su ga baƙo ba.

Saboda haka za a yi jana'iza ranar Asabar da rana tsaka. Za a ɗauki gawar a cikin jirgin, kuma tunda babu wutar tada inji, Injiniya ne zai ja filafili, zuwa da dawowa. Shi zai shiga taɓon da gawar a kansa, ya binne ta, ya kwance noti huɗun akwatin can, magajin marigayin, a hankali. An riga an ɓoye guduma.

Masu ta'aziyya su zo da kujerunsu. An share musu inuwa a inda ake hango tsallaken sosai. Iyalan marigayin suna roƙon jama'a, don girman Allah, kada kowa ya miƙa wa Injiniya hannu.