Allurar Ragon Malam Tasi'u

Ku yi haƙuri da rubutun nan nawa, ni ba gwana ba ce, kuma a ɓoye nake yi. In Umma ta ji na kwashe zancen maƙwabta na zuba a takarda, kashina ya bushe. Sunayen ma duk na canza.

Wani mutum ne a layinmu, mu ce Malam Tasi'u, mai shagon tayal. Allah ya yi masa tumbi irin wanda yake riga mai shi shiga ɗaki. Matarsa Barira kuwa 'yar firit ce, duk abin da ta dafa a jikinsa yake zama, kuma ba ta da abin alfahari a duniya kamar tumbin nan. In an je biki mata suna nuna gwal da leshi, ita mijinta take nunawa. Kamar sillen kara ta same shi, da tuwon shinkafa da miyar taushe da farfesun kai ta gina shi, loma bayan loma. Dangin miji ma in ana zancen matan da suka iya riƙon gida, sai a ce a je a dubi Tasi'u.

Kwatsam sai mutum ya daina cin abinci. A ajiye masa kwano, ya yi loma biyu, ya ce alhamdulillahi ya ƙoshi. Barira ta ce ko tuwon ne ya gundure shi, ta koma waina. Ta yi dambu da zogale, ta yi ɗanwake da man gyaɗa da yaji, ta yi funkaso har da kajin da ba a yi niyyar yankawa ba. Sai ya leƙa kwano kamar mai leƙa rijiya, ya mayar da murfi. Kumatu suka zube, wuyan riga ya yi masa yawa, mazagin wando ya riƙa zagaye shi sau biyu. Matan layi suka fara gaisuwa mai ƙaya.

"Maman Walida, ya jikin maigidan? Ko kasuwar ce?"

Abu ɗaya ne yake ci gaba a gidan, ragon layyar da Malam Tasi'u ya ɗaure a tsakar gida. Tun ranar da ya kawo shi ya shigo da wani abu a baƙar leda ya tura can ƙuryar firji, ya ce mata allurar rago ce ta sa ƙiba, kada ta taɓa, kada yara su taɓa, shi zai riƙa yi masa duk Juma'a. Rago kuwa ya yi ta murjewa, don duk tuwon da maigida ya bari shi ake juye wa. Barira har tana cewa a ranta lallai allurar nan tana da kyau.

Ana haka wani ya tura hoton wani taron suna ƙauye, ga Malam Tasi'u a ciki duk ya rame. Sai ga Inna Yalwa, mahaifiyar Malam Tasi'u, ta sauka da ƙullin kuka da daddawa da kwalbar man shanu. Shi ne autanta, ko da ya yi furfura Auta take ce masa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙare masa kallo.

"Auta, kai ne wannan, ko inuwarka ce ta fito tarbata?"

"Ni ne, Inna. Zafin garin ne kawai."

"Zafin bai ga ragon can ba?"

Barira ta durƙusa ta gaishe ta, Inna ta amsa wa bango. Ko mayafi ba ta gama cirewa ba ta shige kicin ta karɓe muciya. Ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka ta malale da man shanu, irin wanda Auta yake ci har ya kankare ƙanzo yana yaro. Ta zauna a gabansa ta tsare shi da ido. Ya yi loma ɗaya, ya yi ta biyu da ƙyar, ya rufe baki da hannu ya ture kwanon.

Barira ta ji wani sanyi a ranta, ta ce yau dai an wanke ta, tunda girkin uwarsa ma ya ƙi. Ashe ba ta san Inna ba.

"To, yanzu na gane," in ji Inna. "Ba girki ba ne, hannu ne. An juya wa yaron nan ciki. Ɗan da na haifa ba zai ture tuwona da hankalinsa ba. Ke 'yar nan, ki haɗa kayanki. Ranar Asabar ki je gidanku ki huta, sai na ga kumatun ɗana sun dawo."

Barira ta dubi mijinta. Shi kuwa silifas ɗinsa yake kallo kamar yau ya fara ganinsu. Can ƙasan maƙoshi ya ce, "Inna, a dai yi haƙuri." Iyakar abin da ya ce ke nan. Wannan ya fi maganar Inna ƙona mata rai. Mace da 'ya'yanta a mayar da ita gida da sunan ta yi wa miji asiri, ai ko ta dawo sunan ba ya gogewa.

Ranar Juma'a da hantsi ta shiga ɗaki ɗebo zannuwanta, sai ta ga ƙofar banɗaki a ɗan buɗe. Ga Malam Tasi'u ya ciji gefen singileti da haƙori, ya damƙo ɗan abin da ya rage na tumbi, ya runtse ido yana soka wa kansa allurar rago. Ta ja da baya a hankali. Yana fita shago ta ɗauko ledar daga firji, ta sa a ƙarƙashin hijabi, ta nufi babban kantin magani na bakin titi.

Matar da ke kantin, mai farar riga da tabarau, ta juya abin a hannunta.

"Hajiya, wa ya ba ki wannan?"

"Na ragonmu ne. Wai na sa ƙiba."

Matar ta cire tabarau ta yi dariya har da share ido. "Ragonku ya ce yana son ya rage jiki? Wannan allurar rage ƙiba ce ta mutane, sha'awar abinci take kashewa. Mu nan ba ma bayarwa sai da takardar likita, sai an auna mutum an ga ta dace da shi. Wannan ma da ba ta da ko kwali, ta gaske ce ko jabu, Allah kaɗai ya sani." Sai ta mayar da tabarau. "Tsaya. Mijinki ba wani mai shagon tayal ba ne?"

"Shi ne."

"Ai ya zo nan kwanaki yana magana ƙasa-ƙasa. Wai matarsa zai saya wa, ta yi ƙiba ta cika gado, kunyar fitowa take ji. Na ce ya kai ta likita ya gan ta tukuna. Ya ce ba komai, an ba shi lambar wani da yake aikowa a ɗan acaɓa, shi ba ya tambayar kowa komai." Ta dubi Barira daga sama har ƙasa. "Ke ce mai cika gadon?"

Barira ta karɓi ledarta ta yi godiya.

To kun san suruka ba ta tsayawa gaban uwar miji ta ce ɗanki maƙaryaci ne. Don haka ta bari sai da aka sauko daga masallaci. Inna tana kan tabarma tana jan carbi, Malam Tasi'u yana kan kujera yana fifita da hula, jakar Barira tana jingine a bakin ƙofa. Ta zo ta durƙusa ta ajiye ledar a gaban Inna.

"Inna, tunda gobe zan tafi, ga amanar da ke hannuna. Allurar rago ce, a firji take zama. Duk Juma'a ake yi masa, yau kuma na ga kamar maigida ya sha'afa. Ke kuwa kin san kiwo."

Inna da ma ita take yi wa awakinta allura a ƙauye, ba ta jiran malamin dabbobi. Ta ajiye carbi ta miƙe.

"Abin da ya rage a gidan nan mai nama ke nan, ba za a bar shi ya lalace ba. Riƙe min ƙahonsa."

Barira ta riƙe ƙaho. Inna ta cire murfi tana laluben cinyar rago. Malam Tasi'u ya zabura, hannu ɗaya a gaba, ɗaya yana tare wando.

"Inna, dakata. Kada ki soka."

"Ba ta rago ba ce?"

"Tsada gare ta, Inna."

"To ai don shi ka saya da tsadar. Matsa."

"Inna, don Allah. Tawa ce."

Har ragon ma ya daina tuƙa. Sai ga Malam Tasi'u yana bayani yana haɗa gumi, wai maganin rage ƙiba ne, wai likita ne ya ce tumbin ya yi yawa.

"Likitan ne ya ba ka?" in ji Inna.

"A'a. Shi cewa ya yi in riƙa zuwa shago a ƙasa, in rage tsire, in an ga bai yi ba sai a duba maganar magani. Ni kuma na ga hanyar ta yi nisa."

"Me ya hana ka faɗa, kana ji ina ɗora wa 'yar mutane asiri?"

"'Yan majalisa ne, Inna. In suka ji ina allurar gyaran jiki kamar amarya, ba zan ƙara zama a bencin nan ba."

"Sai ka gwammace matarka ta tashi, kai ka zauna a benci."

Ya koma kallon silifas.

Inna dai ba a taɓa jin ta ba wani haƙuri ba, kuma ba ranar za ta fara ba. Ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Ni gobe zan koma, awakina sun fi wannan hankali. Ke 'yar nan, mayar da jakar ciki ki ɗora tukunya. Magana ta wuce."

Malam Tasi'u ya samu bakin magana. "Eh, Barira, mayar da jakar, magana ta wuce. Ki fara sa min allurar a firji kada ta yi zafi."

Barira ta saki ƙahon rago, ta karkaɗe hannu, ta je ta ɗauki jakarta ta rataya. Ta rusuna a gaban Inna cikin ladabi.

"A'a, Inna, maganarki ba ta faɗuwa ƙasa, zan je in huta ɗin. Shi rama yake nema har yana biya. In ya ci girkin hannunsa wata guda, kyauta zai same ta."